Mene ne "tunani a kan tunani" a koyarwar yara?

Malaman da suka karanta ilimin halayyar yara a kwalejin horar da malamai, irin ta Aminu Saleh da ke Azare, sukan ci karo da kalmar metakognishan. Abin da take nufi shi ne tunani a kan tunani: mai koyo ya riƙa lura da kansa yayin da yake koyo, ya san abin da ya gane da abin da bai gane ba, ya kuma san dabarar da zai bi idan ya cije.

Wani masani Ba'amurke, John Flavell, shi ya fito da kalmar a shekarun 1970. A wani bincike da ya yi da abokan aikinsa, an ba yara jerin abubuwa su haddace, aka ce su yi magana idan sun tabbata sun riƙe. Manyan cikinsu da suka ce sun shirya, sun kawo daidai. Ƙananan kuwa sai su ce sun shirya, a tambaye su a tarar da saura. Ba ƙarya suka yi ba, ba su iya auna kansu ba ne tukuna. To, wannan awon ake so a koya wa yaro tun yana firamare.

Mu a nan ba baƙonmu ba ne. Almajiri yakan kife allonsa ya karanto da ka, ya ji inda harshensa ya sarƙe, ya koma wurin ya maimaita kafin ya je ya biya wa malam. Abin da ke damuna shi ne yaron nan da ya iya wannan da asuba, in ya shiga ajin boko da hantsi sai a bar shi da amshi. Malam ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka gaba ɗaya "Mun gane!", a wuce. Wannan amsa ba ta gaya wa malam komai, ba ta kuma gaya wa yaron komai.

A fannin lissafi, George Polya, ɗan asalin ƙasar Hangari, ya tsara hanya mai hawa huɗu a littafinsa na 1945: fahimci tambayar, tsara yadda za ka ɓullo mata, aiwatar, sannan ka waiwayi abin da ka samu. Hawa na farko da na ƙarshe su ne aka fi tsallakewa, alhali a nan aikin yake.

Ga misali. An aiki Hauwa kasuwar Muda Lawal da naira 5,000, ta sayi mudu 3 na masara, kowanne naira 1,200. Nawa ne canjinta? Akwai yaron da zai tattara duk lambobin da ya gani ya haɗa, ya rubuta 6,203, ya miƙa littafi hankali kwance. Idan malama ta ja masa jan biro ta rubuta 1,400, gobe ma haka zai yi. Amma a ce ta zauna kusa da shi ta ce, "Sani, rufe littafin ka ba ni labarin da bakinka. Nawa aka ba Hauwa? Kai da ake aike kullum, ka taɓa ganin canji ya fi kuɗin da ka miƙa?" Nan take zai ce, "A'a, Malama, ba zai yiwu ba." Ya kama kuskurensa da kansa, kuma ya tafi da tambayar da zai riƙa yi wa kowace amsa: anya wannan zai yiwu?

Hanya mafi sauƙi ta koyar da wannan ita ce malam ya riƙa tunaninsa a bayyane a gaban allo: "Bari in sake karantawa, ban gane me ake nema ba. Na gwada haɗawa bai yi ba, bari in zana mudun in gani." Yara su ji cewa babba ma yana tsayawa ya sake lale. In aji ya cika maƙil, a haɗa su bibbiyu, wannan ya bayyana wa wancan yadda ya bi. A bar su su yi bayanin da Hausa ko Fulatanci ko duk harshen da suke tunani da shi, domin yaron da ke fama da neman kalmar Turanci ba shi da sararin duba tunaninsa.

Sharaɗi ɗaya ne ba a iya kauce masa. Muddin "ban gane ba" tana jawo bulala ko dariyar 'yan aji, ba yaron da zai furta ta. Malam ya fara da yaba wa wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na bi ka har wurin ninkawa, daga nan ne na ɓata." Iyaye ma in yaro ya dawo, bayan "nawa ka ci?", su ƙara da "wanne ne ya ba ka wuya yau, kuma yaya ka yi da shi?"