Waiwaye: asalin gardamar rumbun bayanai a Kumasi

Duk wanda ya zauna da samarin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi masu haɗa manhaja ya ji gardamar nan: wane rumbun bayanai, wato ma'ajiyar bayanan manhaja, za a ɗauka: MySQL, ko PostgreSQL, ko kuwa MongoDB? Gardamar ta girmi yawancinsu.

A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin jera bayanai cikin teburori masu alaƙa da juna. Oracle ya fito da nasa na sayarwa a 1979, amma tsadarsa sai bankuna da manyan ma'aikatu. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu sauƙi a 1995, da MySQL ya fito daga Suwidin kyauta. Shekara guda bayan haka, aikin da Michael Stonebraker ya faro a jami'ar Berkeley ya ɗauki sunan PostgreSQL.

A nan MySQL ne ya riga kowa kafa rumfa. Ba don ya fi inganci ba: yawancin saba (kwamfutar da ke riƙe shafin intanet) mai araha da za ka kama haya tare da shi take zuwa, kuma a kansa WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ke tsaye. Da shi na koya, a shagon intanet, ido ɗaya kan allo, ɗaya kan mintocin da suka rage mini. Hankali ya ɗan tashi a 2010 da Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai riƙe da MySQL tun 2008, wasu suka koma MariaDB, reshen MySQL na Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL.

A 2009 MongoDB ya bayyana, ba ruwansa da teburori, matasa suka yi masa caa. A shekarar ce kuma MTN ya fara MoMo, tura kuɗi ta waya, a Gana, aikinmu ya koma na lissafin kuɗin mutane. Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Wata hajiya mai karɓar adashi a kasuwar Kejetia ta taɓa buɗe mini littafinta, bangonsa duk manja, ta ce: "Ɗana, in sidi biyar ta fita nan, ta shiga can, ko kuma kada ta motsa." Abin da PostgreSQL ya daɗe da ƙwarewa a kai ke nan: ciniki ya kammala gaba ɗaya ko a soke shi gaba ɗaya. MongoDB bai kawo irin wannan a kan bayanai da yawa lokaci guda ba sai 2018.

Shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, sun koya mana darajar SQLite, ƙaramin rumbun bayanai wanda Richard Hipp ya rubuta a 2000. Fayil guda ne cikin waya, ko wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke yana nan. Faɗuwar sidi a 2022 kuma ta ƙona masu biyan hayar rumbu da dala kowane wata.

Manhajar hajiya tana rubuta zubin yini cikin SQLite a wayarta, da dare ta tura wa PostgreSQL. Littafin ma ba ta yar ba, yana ƙarƙashin teburinta.