Galahanga: suna ɗaya da aka laƙaba wa lalurori daban-daban

Ranar 21 ga Maris za ka ji an ce a rediyo yau ce ranar masu galahanga ta duniya. Bayan kwana 12, ranar 2 ga Afrilu, a sake cewa yau ce ranar masu galahanga ta duniya. Idan Oktoba ta kama, ranar 6 ga wata, wani mai gabatar da shiri ya sake maimaitawa. Mai sauraro zai ɗauka kuskuren kalanda ne, alhali kuskuren yana cikin kalmar. Ranar farko ta masu lalurar Dawun ce, wadda ake haifar yaro da ita kuma take bayyana a kamannin fuska, ta biyu ta masu otizim, lalurar da ke wahalar da yaro wajen hulɗa da mutane, ta uku ta yaran da gaɓoɓinsu suka sandare ko suka saki saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun suna jarirai. Lalurori uku ne da ba su haɗa sanadi ba, ba su haɗa alamomi ba, kuma hanyar kula da su ta sha bamban. Ga kuma ta huɗu da ake cusawa cikin buhun, wato yaron da ya yi nauyin baki ko nauyin ƙafa, ba a riga an gano dalili ba.

Kalmar ba daga asibiti ta fito ba. A bakin mutanen gari, galahanga ko galhanga abin da ake jifan mutum da shi ne idan ana son a ce ba shi da wayo. Da 'yan jarida suka rasa sunan da za su fassara waɗannan lalurori da shi, sai suka ɗauko ta. Ni a ganina an yi aron da bai dace ba, domin ta shigo da kayanta. Uwar da aka ce wa ɗanta galahanga ne, abin da kunnenta ya ji shi ne yaron nan ba zai taɓa zama mutum ba, don haka ta naɗe tabarmar neman magani ta koma ɗaki. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, ya fi zancen rashin daɗin kalmar.

Abin da likitan yara yake rubutawa a katin yaro ɗan shekara biyu da bai fara tafiya ko magana ba, shi ne jinkirin ci gaba. Wannan ba sunan cuta ba ne, bayanin abin da ido ya gani ne, kamar a ce yaro yana zazzaɓi kafin a san maleriya ce ko taifod. Ana duba fannoni biyar: motsin jiki, daga riƙe wuya har zuwa ɗaukar ƙwayar gyaɗa da yatsu biyu, magana da fahimtar magana, tunani da koyo, hulɗa da mutane, da yi wa kai hidima kamar ci da cokali da cire wando. Idan yaro bai kai shekara 5 ba kuma ya yi baya sosai a fanni biyu ko fiye, ana cewa jinkirin ya game. Wasu cikinsu za su kamo sa'o'insu, wasu daga baya a gano sunan abin da ke damunsu, wasu kuma da yawa har su girma ba a kama takamaiman sanadi ba duk da gwaje-gwaje.

Yara ba sa tafiya rana ɗaya, wannan gaskiya ne, kuma da ita kakanni suke rufe bakin uwa: "Ubansa ma sai da ya shekara uku kafin ya buɗe baki." Amma sassaucin yana da iyaka. Yaron da ya wuce wata 4 wuyansa yana lanƙwasa, ko ya kai wata 9 ba ya zama shi kaɗai, ko ya cika shekara ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya ɗaga hannu a yi bankwana, ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko wata 18 bai taka ba, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu kamar "Mama ruwa", wannan ya wuce a zauna jira. Bakwaini ana rage masa lissafi: wanda aka haifa saura wata biyu cikinsa ya cika, idan ya kai wata 10 a duniya ana auna shi da ɗan wata 8, kuma ana yin wannan ragi har ya shekara 2. Akwai kuma alamar da ba a yi mata lissafin wata ko kaɗan. Yaron da yake cewa "Baba" ya daina, ko yake zama ya koma faɗuwa, a kai shi asibiti a makon.

Yanzu a dubi yaron da kalmar galahanga ta fi zalunta, wato wanda kunnensa ne kawai ba ya ji. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi, kuma kurumta na daga cikin abin da sanƙarau ya fi bari a jikin yaron da ya warke. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani tana taɓa jijiyar ji. Wasu alluran kashe ƙwayoyin cuta, irin jentamaisin da ake dankara wa yara a kemis ba tare da auna nauyinsu ba, suna iya kashe kunne. Akwai kuma kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ana toshe shi da auduga. Yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba, tunda magana kwaikwayo ce. A kira shi bai waiwayo ba, a aike shi bai gane ba, ya yi ta fushi yana birgima don ba a fahimce shi ba. Kafin ya shekara huɗu unguwa ta gama yanke masa hukunci, alhali ƙwaƙwalwarsa garau take.

Iyaye sukan ce ai sun gwada, sun tafa a bayansa ya juyo. Wannan gwaji yana yaudara. Yaro yana ganin inuwar hannu, yana jin iskar tafi a ƙeyarsa, yana jin girgizar ƙasa idan an buga ƙofa. Wani kuma yana jin ƙara mai ƙarfi kamar ta babur, amma siraran sautukan magana irin "s" da "f" da "sh" ba sa isa gare shi, sai maganar mutane ta zame masa gunaguni. Gwajin gaskiya na'ura ce ke yin sa. Akwai wanda ake sa ɗan abu kamar abin sauraren waya a kunnen jariri yana barci, cikin 'yan mintoci a ga ko cikin kunnen yana amsa sauti. Akwai na biyu da ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko saƙon yana isa ƙwaƙwalwa. Na biyun ne ake so ga yaron da ya yi shawara mai tsanani, domin irin tasu kurumtar tana iya tsallake gwajin farko. Babu zafi a ko wanne, kuma ba sai yaro ya iya magana ba. Akwai asibitin kunne na ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya su ma suna da sashen kunne. Ƙa'idar da ƙwararru suke bi ita ce a tantance jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, ko da na'urar ji ko da maganar hannu. Wanda ya tashi daga sanƙarau a gwada shi da an sallame shi, kada a jira sai an ga shiru. Duk likitan da ya sa wa yaro mara magana suna bai aika shi gwajin ji ba, ya tsallake matakin farko.

Mai lura zai iya ganin bambancin kurma da mai otizim tun a tsakar gida. Kurman yaro idonsa yana kan fuskarka, yana nuna maka abu, yana ƙirƙiro alamun hannu na kansa, yana neman ka fahimce shi ta kowace hanya. Mai otizim zai ji ƙarar ledar biskit daga ɗaki na biyu ya taho da gudu, amma ka kira sunansa sau biyar a gefensa bai ɗago ba. Idan yana son ruwa sai ya kama hannunka ya ɗora kan randa ba tare da ya dube ka ba. Yana jera murafun kwalba a layi, yana kaɗa hannuwa, yana toshe kunne idan an kunna injin markaɗe, canjin hanyar zuwa gidan kaka kan iya tayar masa da hankali. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana lalurar a rubuce a 1943. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta. Ana gane ta ne da tarihi da kallon yaro yana wasa, kuma akwai takardar tambayoyi 20 da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30 don a ware waɗanda za a zurfafa bincike a kansu. Cikin masu otizim akwai wanda ba zai yi magana ba, akwai wanda zai gama jami'a. Allurar riga-kafi ba ta kawo shi. Binciken 1998 da ya haifar da wannan jita-jita a Ingila an janye shi a 2010.

Lalurar Dawun kuwa tun ranar haihuwa ake iya zarginta daga kamannin fuska da sakin jiki, a tabbatar da gwajin jini, domin cikin ƙwayoyin gadon halitta da ake kira kuromosom, yaron yana da na 21 guda uku maimakon biyu. Daga nan aka zaɓi ranar 21 ga wata na uku. Abin gaggawa a nan zuciya ce: kusan rabinsu ana haifar su da matsalar zuciya, don haka hoton zuciya ya zama dole ko da jariri yana kama nono lafiya.

Yaron da ake kira ɗan ruwa a ƙauye, wanda jikinsa ya saki kamar tsumma ko ƙafafunsa suka harɗe kamar almakashi, galibi labarinsa yana komawa ga makon haihuwa. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba. Ko shawara ta kama shi, idonsa ya yi ɗorawa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos har ya daina kama nono, ya fara banƙarewa da kuka mai tsini. Shawarar da ta bayyana a ranar farko ta haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, maganinta fitilar asibiti ce, wani lokaci har da canjin jini. Kafur da ake sa wa a akwatin kayan jariri yana iya fasa jinin wasu jariran ya ƙara mata ƙarfi. Raunin da ƙwaƙwalwa ta samu ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi suna ƙagewa idan ba a fara gashi da motsa jiki da wuri ba. Da yawa cikin yaran nan hankalinsu cikakke ne, bakin ne da hannun suka ƙi yi musu biyayya, kuma suna jin duk abin da ake faɗa a kansu. Jaririn da bai shekara ba amma kullum hannu ɗaya yake miƙawa, ɗayan a dunƙule, ba bahago ba ne, a duba shi.

Akwai sanadai biyu da lokaci ke yanke musu hukunci. Jaririn da ƙwayar tayirod ta wuyansa ba ta aiki yakan yi yawan barci, shawararsa ta ƙi tafiya, bayan gida ya yi masa wuya, harshensa ya yi kauri, cibiya ta ɓullo. Gwajin jini ɗaya ne, maganin kuma ƙwaya ce ƙarama kullum. Idan aka fara a makonnin farko yaro ya tashi kamar kowa, idan aka makara abin da ya ɓata ba ya dawowa, kuma yawancin asibitocinmu ba sa yi wa kowane jariri wannan gwaji sai an nema. Na biyu wata irin farfaɗiya ce ta jarirai 'yan ƙasa da shekara: yaro ya zabura ya dunƙule, kai ya faɗo gaba, sau da yawa a jere, musamman da ya farka daga barci. Ana ɗauka ciwon ciki ne. A yankunan haƙar zinare kuma a tuna da dalma; a 2010 gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa.

Mai zuwa ganin likitan yara ya tafi da katin awo da na riga-kafi, da duk takardar sallama da aka taɓa ba shi. Uwa ta zauna ta tuna watan da yaro ya riƙe wuya, ya zauna, ya yi rarrafe, a rubuta. A ɗauki bidiyo a waya na abin da ke damun iyaye, domin yaro ba ya zabura ko kaɗa hannu don likita ya gani, kuma minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon kwatance. Za a tambaya ko auren zumunci ne, ko akwai mai irin wannan a dangi. Tambayar don a san gwajin da za a yi ne, ba don a ɗora wa kowa laifi ba. Uba ya je, kada a bar uwa ita kaɗai ta dawo tana ƙoƙarin maimaita bayanin da ta ji cikin kuka. Wanzami ya yanke linzami ba zai sa yaron da ba ya fahimtar magana ya fara yi ba. Magungunan da ake tallatawa da sunan buɗe ƙwaƙwalwa ba sa warkar da ko ɗaya cikin lalurorin nan. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Ba sai suna ya fito ake fara aiki ba. Gashi, koyar da magana, gyara abinci, rage ba wa yaro waya ya yini yana kallo, zama da shi fuska da fuska ana kiran sunan abin da yake taɓawa, duk ana fara su yayin da ake jiran sakamako, kuma jiran kan ɗauki watanni. Idan ma'aikacin lafiya ya ce galahanga ce, a tambaye shi wacce daga ciki, da me ya gane, an gwada ji da tayirod ko ba a gwada ba, sannan a nemi ya rubuta sunan a kati tare da ranar dawowa.