Kansar furostet da ta kai ƙashi: ba a nan magani ya ƙare ba

Da zarar likita ya ce kansar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ta bazu zuwa ƙashi, sai dangi su tattara majinyaci su koma gida. A ganinsu tunda ba za a yi tiyatar cire ƙullutun ba, sai jiran lokaci. Wannan kuskure ne.

Gaskiya ne a wannan mataki da wuya a warke sarai, amma ana iya danne cutar tsawon shekaru. Wannan kansa da sinadarin jikin namiji da ake kira testosteron take girma, kuma maraina ne ke samar da mafi yawansa. Tun 1941 wani likita mai bincike, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka yanke mata sinadarin sai ta ja baya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1966.

Hanya biyu ake bi don yanke sinadarin: allura irin goserelin a fatar ciki duk wata ko duk wata 3, ko ƙaramar tiyata a cire maraina. Maza kan guji ta biyun, amma aikinsu kusan ɗaya ne, ita kuma sau ɗaya ake biya. Ga wanda kuɗin allura zai riƙa yanke masa, a ganina ta fi. Dukkansu na kawo raguwar sha'awa, zufa kwatsam da raunin ƙashi.

Yanzu likitoci kan haɗa da wasu magungunan kansa, abiraterone ko docetaxel, tun farko, gasa wurin da hasken na'ura (radiotherapy) kuma na kwantar da ciwon ƙashi. Gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, shi ke nuna ko maganin na ci.