Waiwaye: Gaɓar da Muka Yanka da Hannunmu a Gombe

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya kankama, muhawara ɗaya ce ke dawowa a Gombe. Wani zai ɗora hoton ɗakin da rabinsa ke lilo a bakin kwari a Facebook, kafin la'asar jama'a sun rarrabu. Wasu su ce sauyin yanayi ne, ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Wasu su ce shara da leda ne suka toshe magudanai. Wasu kuma su ce ai wanda ya je ya yi gini a bakin kwari shi ya jawo wa kansa. A gidajen rediyo ma haka ake ta bugo waya. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ke damuna shi ne ana maganar kamar daren jiya ƙasar ta fara tsagewa. Mutumin da ake cewa ya yi gini a bakin kwari, sau da yawa lokacin da ya aza harsashinsa babu kwari a wurin. Kwarin ne ya tako ya same shi, kuma ya fi shekara 20 yana tahowa.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Modibbo Bubayero ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadi, mazauninta yana Gombe Abba. A zamanin Turawa aka koma Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, wato inda garin yake yanzu. Wurin kwari ne, tudun Akko yana yamma, duk ruwan da ya sauka a can kuwa ta cikin gari zai ratsa ya nufi gabas. Ƙasar rairayi ce a kan dutsen yashi mai saurin marmashewa, wani wurin da yumɓu a ƙarƙashi. Auduga ta kawo kasuwa, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 suka turo mutane cikin gari, itatuwan kewaye suka tafi a murhu. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Gombe ta zama babban birnin jiha. A watan Agusta 2004 aka yi ambaliyar da har yau manya ke lissafin shekaru da ita.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba ya faru ne tsakanin 1996 da 2004, da 'yan shekarun da suka biyo baya. Ba doka aka kafa ba, ba biki aka yi ba, shi ya sa ba shi da ranar tunawa. Yadda muke gyara fili kafin mu ɗora masa gini ne ya sauya.

Wanda ya tashi a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana ta da ya san yadda gidan ƙasa yake zama. Gini ne mai bin ƙasa yadda ya same ta. In filin ya karkata, ɗakin Dada yana sama, madafi yana ƙasa, a jera duwatsu a tsakani a riƙa takawa. Tsakar gida rairayi ce, ruwan indararo ya zubo ta shanye rabinsa. Inda aka haƙi ƙasar ginin kuma ya zama kududdufi, kuma duk da sauro da ƙazantar da ake kuka da su, kududdufin nan yana riƙe ruwan unguwa kwana da kwanaki, ya sake shi a hankali. Ba ina cewa rayuwar ta fi daɗi ba ne, ginin ƙasa ma yana rushewa da damina. Amma ruwa yana samun wurin tsayawa.

Da aka yi jiha, ma'aikata suka dawo daga Bauchi da iyalansu, 'yan kasuwa suka biyo baya, kuɗin haya ya tashi. Shimfiɗaɗɗen wuri ya ƙare. Gonakin da ke jikin gangare, ta wajen Tumfure da Shongo da sauran bayan gari, aka yayyanka su fuloti-fuloti. Shi kuwa ginin bulo da rodi ba ya son karkata, magini zai ce maka sai fili ya kwanta kamar faranti. Sai a ɗauko katafila ta yini guda, in babu hali a sa leburori da diga da shebur. A sare ɓangaren sama, a tura ƙasar zuwa ɓangaren ƙasa. Kafin magariba fili ya yi kyau, mai shi ya yi hamdala ya tafi gida.

Amma an bar abu biyu waɗanda da safe babu su. Ta sama akwai gaɓa a tsaye cak, wani lokacin ta fi tsayin mutum biyu. Ta ƙasa akwai tulin ciko, ƙasa sakayau da aka zuba ba a daɓe ba, wani wurin ma har da shara da ɓaraguzan gini a cikinta. Fuloti ɗaya, gaɓa biyu. Maƙwabcin sama ya zo ya yi nasa, na samansa ma haka, har gangaren da Allah ya shimfiɗa da sauƙi ya koma matakala, kowane hawa kuma yana zaune ne a kan cikon wani. Babu wanda ya ɗauki gaɓar nan a matsayin gini mai buƙatar lissafi da kulawa. Ba ta cikin takardar fili, ba ta cikin zanen gida, ko suna ba mu ba ta ba. Abin da ake tare ta da shi katangar bulo ce mai inci 6, wadda aka yi don sutura, ba don ɗaukar nauyin tudu ba.

Sannan aka rufe komai. Kwano a sama, siminti ko intalok a tsakar gida, kududdufai aka cike aka sayar. Ruwan Gombe a shekara yana tsakanin milimita 800 da 1000, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba, kuma yana zuwa ne kamar da bakin ƙwarya. A yi lissafi: fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, in an rufe shi duka, ruwan milimita 50 na dare ɗaya zai tara masa sama da lita 23,000, wato fiye da duro 100. Duk wannan ta bututu ɗaya yake fita a gindin katanga, ya faɗa kan lungun da ba a yi wa komai ba, ko kan gaɓar maƙwabci. Gida 100 a jere, kogi ke nan. Shekarar farko sawun keke za ka gani a lungun. Shekara ta uku mota ta daina shiga. Ta biyar yara suna sauka da igiya su ɗauko ƙwallo. Kuma bulon da muke ginin da shi yashi yake ci, ciko kuma marmara yake so, tifa kuwa inda ya fi kusa take ɗebowa, wato gindin gaɓa da cikin kwari. Mai tifa ba don kansa yake haƙa ba, mu ne muke saye.

Na ga wannan da idona a gidan Bappana. Gidansa yana ƙasa, na maƙwabcinsa yana sama, tsakaninsu gaɓa da katanga. Shekara da shekaru lafiya lau, domin da rani ƙasar nan tana tsayawa kamar dutse, har ka rantse ba abin da zai motsa ta. Wata damina katangar ta fara yin ciki. Goggo ce ta fara lura, ta ce gindinta ba ya bushewa ko an kwana uku ba ruwa, ga gansakuka ta fito. Sama kuma, taku biyu daga bakin gaɓar, ƙasa ta yi wani siririn tsagi wanda tsinken tsintsiya ke shiga ya ɓace. Aka ce bari a ga bayan damina. Daren wata Laraba, bayan ruwan da ya kai asuba, muka ji ƙara kamar an juye tifa. Katangar ta kwanta a kan garken awaki, laka ta cika madafi har bakin tukunya. Ɗakin yara yana taku huɗu daga wurin. Har yanzu in na tuna tazarar nan gabana faɗuwa yake yi.

Dattijon maginin da aka kira ya daɗe yana duba ɓaraguzan kafin ya yi magana. Ya ce, "Alhaji, ai ba katanga ce ta faɗi ba, madatsar ruwa ce. Ko ƙofa ɗaya ba a bar wa ruwan ba." Bappa ya ce, "To Malam, ni na ɗauka in an toshe ko'ina shi ne ƙarfi." Maginin ya girgiza kai ya ɗebo cikon a hannunsa ya matse, ruwa ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa. Bayanin ke nan gaba ɗaya. Ciko da ba a daɓe ba yana shan ruwa kamar soso, nauyinsa ya ƙaru, ƙarfinsa ya ragu. Lita 1000 ta ruwa tan guda ce. Tsagin da ke sama shi ne mazurari, katangar da ba ta da mafita ita ce murfi.

Abin da ya biyo baya ya fi rushewar tsawo. Na sama ya ce wanda ya sare gaɓar shi ke da ita. Bappa ya ce ai ƙasar wani ce ta zubo masa, kuma ruwan wani ne ya jiƙa ta. Sai da aka zauna gaban mai unguwa sau uku kafin aka raba kuɗin gyara. Dukansu mutanen kirki ne, sallah ɗaya suke bi. Matsalar ita ce tun ranar da katafila ta tafi ba a taɓa cewa gaɓar ta wane ce ba.

Wannan tambayar ce ta sa nake yawan tuna Hong Kong, duk da nisan da ke tsakaninmu ta arziki da yanayin ƙasa. Su ma gari ne da ya hau tudu cikin gaggawa, da sara da ciko. Ranar 18 ga Yuni 1972 ƙasa ta zaftare a unguwar Sau Mau Ping ta kashe mutum 71, a ranar kuma wata ta kashe 67 a titin Po Shan. A 1976 wani ciko ya sake zubowa a Sau Mau Ping ya kashe 18, bincike kuma ya nuna ba a daɓe shi yadda ya kamata ba. A 1977 suka kafa ofishi na musamman don gangaren da mutum ya yi da hannunsa. Sun sake daɓe tsofaffin ciko, sun kakkafa sandunan ƙarfe cikin gaɓa don su riƙe ta, sun yi wa ruwa hanya. Amma abin da ya fi burge ni ba na ƙarfe da kankare ba ne. Ƙirga gangarorin suka yi, wajen 60,000, kowanne da lambarsa, kowanne an rubuta wanda alhakin kula da shi ke wuyansa, hukuma ce ko mai gida.

A nan ma an yi aiki, kuma duk wanda ya san unguwannin Malam Inna da Kagarawal kafin a gyara kwarin da ya taso daga wajen jami'ar jiha ya san bambancin. An yi gyaran ne ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2012. Wani shirin na Bankin Duniya mai suna ACReSAL, wanda aka amince da shi a Disamba 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ya ɗauki kwarin wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) mai tsawon kilomita 21. Ga kuma shirin dashen itatuwa na gwamnatin jiha, wato Gombe Goes Green (3G), da aka fara a 2019. Waɗannan sun ceci gidaje da rayuka. Sai dai babban kwari ƙarshen labari ne. Mafarinsa yana can sama, a bayan gidajenmu, a dubban ƙananan gaɓoɓin da ba su kai a kawo musu injiniya daga waje ba, kuma kowace damina suna aiko da ruwa da yashi cikin magudanar da aka kashe wa kuɗi.

Gyaran da aka yi a gidan Bappa bai buƙaci bashin banki ba, amma ya ci fili, kuma nan ne mutane suka fi jin zafi. Maƙwabcin ya haƙura da taku uku na filinsa aka kwantar da gaɓar, aka yi mata hawa biyu maimakon tsayuwa ɗaya. Aka kwashe tsohon cikon aka mayar da shi kaɗan-kaɗan, a zuba kamu ɗaya, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Sabuwar katangar ta dutse ce, mai faɗin gindi, da tsakuwa a bayanta da guntayen bututu a jikinta, duk taku biyu ɗaya. A sama aka ja ƙaramin lambatu ya kama ruwan kwanon maƙwabci ya kai shi titi, ba ya ƙara sauka kan gaɓar. Jikin gangaren kuma aka dasa jema layi-layi, ciyawar nan da saiwarta ke nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum. Inda abin ya fi haka girma ana jera kwandunan waya cike da duwatsu, su ma don suna barin ruwa ya wuce su riƙe ƙasa. Damina shida ke nan, in an yi ruwa za ka ga bututun suna tsiyaya, Goggo kuma duk farkon damina sai ta sa yara sun zura sanda sun fitar da gidan zanzaro da ledar da ta maƙale.

Watan jiya na je gaishe su. Bayan mun ci abinci Bappa ya ja ni muka haura lungun, muka wuce gidan maƙwabcin, muka wuce na samansa. Can inda da gonar gero take an yanka sababbin fuloti huɗu. An sare na farko, jar gaɓa tana tsaye ta fi ƙarfin tsayina. Tifa ta juye marmara a bakin gangaren, wani yaro yana baje ta da shebur, an riga an jera bulo mai inci 6 a gefe. Bappa ya tsaya ya dubi inda ruwan wurin zai bi, ya bi shi da yatsa har kan rufin gidansa. Ya tambayi yaron ko mai filin yana zuwa ranar Juma'a, yaron ya ce yana zuwa. Bappa ya ce to a gaya masa maƙwabcinsa na ƙasa yana son ganinsa kafin a aza bulo.