Zaɓen irin kaji da talotalo don kiwon gida a arewacin Kamaru

Kiwon kaji a bayan gida tsohuwar sana'a ce a arewacin Kamaru, daga Ngaundare zuwa Garwa da Marwa har Kuseri a bakin iyakar Cadi, kuma galibi a hannun mata da yara yake. Irin da ya dace da gida ya danganta da zafin yankin, da abincin da mai kiwo zai iya saya ba yankewa, da kuma ko tsuntsun zai iya ƙyanƙyashe 'ya'yansa da kansa. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi a ranar saye.

Kazar gida

Kazar gida ƙarama ce, jinkirin girma gare ta, ƙwanta kuma ba ya wuce 40 zuwa 60 a shekara. Dalili shi ne takan saka goma sha wani abu ta tsaya, ta kwanta a kansu kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki. Abin da ke rage mata ƙwai shi ne kuma darajarta: ba ta bukatar injin ƙyanƙyasa, har ƙwan zabuwa da na talotalo ana saka mata ta ƙyanƙyashe. Tana tona ta ci gara da tsaba, a ƙara mata da dusa da tsakin dawa, tana kuma gane inuwar shirwa ta kira 'ya'yanta su ɓuya. A kasuwa namanta ya fi na kajin gona daraja.

A cikinta akwai fingi mai murɗaɗɗen gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai wuya ba gashi. Ta ƙarshen ta cancanci a kula da ita fiye da yadda ake yi, domin ƙarancin gashin yana taimaka mata fitar da zafin jiki, abin da ke da muhimmanci a Marwa da Kuseri inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu.

Kajin gona

Masu ƙwai irin su ISA Brown da Lohmann Brown sukan fara saka a mako na 18 zuwa 20, su ba da kusan ƙwai 300 a shekarar farko. Sharaɗin shi ne kowace ta samu giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci kullum, da ruwa mai sanyi, da sinadarin ƙarfafa ɓawo. Wanda ya sake su a tsakar gida da dusa kaɗai ba zai ga wannan ƙwan ba. Ba safai suke kwanci ba, kuma da yake haɗin kamfani ne, 'ya'yansu ba sa kamo iyayen, don haka duk zagaye sai an sayi sababbi.

Na nama, irin su Cobb 500 da Ross 308, sukan kai kilo biyu cikin mako shida. Su ne suka fi kowa shan wahalar bazara: za a gan su kwance baki buɗe, fukafukai a saki, suna haki, manyan cikinsu kuma su ne ke fara mutuwa. A tudun Ngaundare, mai tsayin sama da mita 1,000, abin da sauƙi. A kwarin Binuwai da can arewa, gara a tsara zuwansu yadda za a sayar kafin zafi ya kankama. Yawancin 'yan tsakin ma daga kudu ake kawo su, musamman yankin Bafusam da Yawunde da Duwala, kuma doguwar tafiyar kan raunana su.

Tsakanin waɗannan da kazar gida akwai masu amfani biyu, ƙwai da nama: Sasso ta Faransa, Kuroiler ta Indiya, Noiler ta Najeriya, da Goliath da ta fito daga Jamhuriyar Benin. Suna jure kiwon sake fiye da kajin gona, sun kuma fi kazar gida jiki da ƙwai. Ga gidan da ke da ɗan fili da ɗan jari, su ne zaɓin da ya fi hankali, muddin an riƙe 'yan kajin gida saboda kwanci.

Talotalo

Asalin talotalo nahiyar Amurka ne, a ƙasar Meziko aka fara kiwonsa. Don nama ake ajiye shi, kasuwarsa kuma takan buɗe ne a Kirsimeti da sabuwar shekara da lokutan biki. Farin nan mai faɗin ƙirji na kamfanoni yana girma da sauri, amma nauyinsa ya kai har namijin ba ya iya barbara, sai an haɗa su ta hanyar likita. Mai son ya riƙa samun 'ya'ya a gida sai ya nemi baƙin talotalo na gida ko mai ruwan tagulla, waɗanda ke kwanci kwana 28.

Wahalar talotalo tana makonninsa na farko. Ɗan tsakonsa ba ya jure raɓa ko dukan ruwa, yana kuma bukatar abinci mai furotin kusan kashi 28 cikin 100, fiye da na kaza. Bai kamata a haɗa shi akurki ɗaya da manyan kaji ba, domin kaji na ɗauke da wata cutar hanta da hanji da ba ta cika kayar da su ba, amma tana kashe talotalo. Alamarta kashi rawaya da sakin fukafukai.

Abinci da rigakafi

Yankin na da masara da dawa da ƙuliƙuli, ga kuma tunkuzar auduga daga kamfanin Sodecoton. Sai dai a yi hattara da ta audugar: tana da gubar gosifol, wadda in ta yi yawa takan ɓata launin gwaiduwa ta kuma hana girma.

Babu irin da ya tsira daga cutar Niwkasil, wadda ke share akurki musamman da hunturu, har da na kajin gida. Ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, Lanavet, da ke Bokle kusa da Garwa, yana sarrafa rigakafinta, kuma ana yin sa ne kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo a kasuwa ana keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.