Waiwaye: Shin Ƙwaƙwalwa Wankakken Allo Ce?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan akuya tana haihuwa ya san cewa ɗan ba ya jimawa yake miƙewa, yana tangaɗi, ya lalubo nonon uwarsa ba tare da kowa ya nuna masa ba. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masana ita ce yawan basirar da ɗan Adam yake zuwa da ita tun daga ciki, da kuma wadda zaman duniya yake koya masa.

A ƙarshen ƙarni na 17, John Locke na Ingila ya kwatanta hankalin jariri da farar takarda, abin da mu za mu kira wankakken allo, Leibniz na Jamus kuwa ya ce sam ba haka ba ne. Gardamar ta sake ɗaukar zafi a 1959, lokacin da masanin harshe Noam Chomsky ya soki ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner cewa horo da lada ne suke koya wa yaro magana. Hujjar Chomsky ita ce, maganar da yaro yake ji ba ta isa ta sa ya riƙa haɗa jimlolin da bai taɓa ji ba, sai dai idan ƙwaƙwalwarsa ta zo a shirye.

Masu ƙera kwamfuta sun gaji wannan saɓani. Tun a 1950 Alan Turing ya ba da shawarar a ƙera na'ura mai kama da yaro, sannan a karantar da ita. To amma, a ganina, tarihin fagen ya nuna cewa allon bai taɓa zama wankakke tas ba. Masana ƙwaƙwalwa Hubel da Wiesel sun gano a ƙwaƙwalwar kyanwa wasu ƙwayoyin jijiya da ba sa amsawa sai sun ga layi a wata kusurwa ta musamman, kuma wannan tsari ne ya haska wa Fukushima na Japan hanyar ƙera manhajar gane siffofi a 1980, kafin Yann LeCun ya gina manhajar karanta lambobin da aka rubuta da hannu a 1989. Hatta manhajar AlphaGo Zero, wadda a 2017 ta ƙware a wasan Go (wani wasa mai kama da dara) ba tare da ta kalli wasan mutane ba, injiniyoyi ne suka dasa mata dokokin wasan da dabarar hango motsin gaba.

A 2017 ɗin ce LeCun da masanin halayyar ɗan Adam Gary Marcus suka yi muhawara a Jami'ar New York, inda Marcus ya dage cewa na'ura tana bukatar ƙarin tsari na asali, LeCun kuma ya fi son a rage shi. Bunƙasar manyan manhajojin harshe, wato masu rubutu da hira kamar mutum, ta ƙarfafa ɓangaren koyo, sai dai sun sha tiriliyoyin kalmomi kafin su kai inda suke, alhali yaro ɗan shekara huɗu yana zuba magana da abin da bai wuce miliyoyi ba. Masu ra'ayin Marcus suna cewa wannan giɓin shi ne gadon da juyin halitta ya bar wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam.