Waiwaye: Atlantic Conveyor, jirgin dakon kaya da aka tura fagen daga

A ranar 2 ga Afrilun 1982 sojojin Ajantina suka mamaye tsibiran Fokland, waɗanda su mutanen Ajantina ke kira Malvinas, kuma gwamnatin Birtaniya ta ƙuduri aniyar ƙwato su da ƙarfin soja. Sai dai tsakanin Ingila da tsibiran akwai tazarar kusan kilomita 13,000, kuma rundunar sojan ruwan ƙasar ba ta da isassun jiragen da za su kwashi dakaru da mai da abinci da makamai zuwa wannan nisan duniya. Saboda haka aka koma ga wata tsohuwar al'ada, wato gwamnati ta karɓi jiragen 'yan kasuwa da ikon doka, ta riƙa biyan masu su kuɗin haya har yaƙi ya ƙare.

Al'adar ta riga ta yi suna tun a yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da aka ɗora wa Carmania, jirgin fasinja na kamfanin Cunard, manyan bindigogi, har ya nutsar da Cap Trafalgar na Jamus a watan Satumban 1914. A yaƙin duniya na biyu kuwa an ga ɗaya fuskar al'amarin. Ranar 5 ga Nuwamban 1940 Jervis Bay, shi ma tsohon jirgin fasinja ne da aka ɗora wa tsofaffin bindigogi, ya tunkari jirgin yaƙin Jamus Admiral Scheer shi kaɗai domin ayarin da yake yi wa rakiya ya samu damar watsewa. Mafi yawan jiragen ayarin sun tsira, amma Jervis Bay ya nutse tare da kyaftin ɗinsa Edward Fegen da akasarin mutanensa, domin jikin jirgin fasinja ba a ƙera shi don jure ruwan harsasai ba.

A 1982 an karɓi jirage da dama ta wannan hanya. Canberra da Queen Elizabeth 2 sun yi jigilar dakaru, Uganda kuwa, wanda yake tsakiyar yawon buɗe ido da 'yan makaranta a Bahar Rum, an sauke yaran aka mayar da shi asibiti. A cikinsu akwai Atlantic Conveyor, jirgin dakon kwantena da motoci na kamfanin Cunard, wanda aka ƙera a 1970 kuma yake ajiye a tashar Libaful babu aiki. Cikin 'yan kwanaki aka gyara samansa a tashar jiragen ruwan soja ta Devonport a Ingila yadda jiragen sama za su iya sauka a kai, aka jera kwantenoni a gefe da gefe tamkar katanga domin su kare jiragen daga iska da gishirin teku. Ya tashi ranar 25 ga Afrilu ɗauke da jirage masu saukar ungulu samfurin Chinook da Wessex, da tantuna na dubban sojoji, da shimfiɗar ƙarfe ta gina filin jirgi, da mai da bama-bamai. A tsibirin Ascension, da ke kan hanya a tsakiyar tekun Atlantika, aka ƙara masa jiragen yaƙi samfurin Harrier guda 14. Abin da ba a saka masa ba shi ne kariya: ba shi da makamin kakkaɓo hari, kuma ba shi da na'urar da ke watsa ɓarɓashin ƙarfe sama domin ruɗar makami mai linzami, wadda jiragen yaƙin da ke kewaye da shi suke da ita. Ma'aikatansa kuwa farar hula ne, ƙarƙashin Kyaftin Ian North, tare da wasu sojojin ruwa da aka haɗa musu.

Jiragen Harrier sun bar shi lafiya zuwa manyan jiragen ruwan yaƙi a tsakiyar watan Mayu, kuma wannan kaɗai babban aiki ne. Saura masu saukar ungulu, waɗanda aka shirya zai sauke a gaɓar San Carlos, inda dakarun Birtaniya suka sauka a tsibiran. A yammacin 25 ga Mayu, ranar bikin ƙasa ta Ajantina, kuma ranar da aka nutsar da jirgin ruwan yaƙin Birtaniya Coventry, jiragen saman yaƙin Ajantina samfurin Super Étendard biyu suka ɓullo ta arewa bayan sun sha mai a sararin sama, suka saki makamai masu linzami samfurin Exocet guda biyu. Jiragen yaƙi suka watsa nasu ɓarɓashin, makaman suka wuce, suka tarar da ƙaton jirgin da ba shi da abin kare kansa. Wuta ta kama cikinsa inda mai da harsasai suke, ta gagari kashewa, har aka ba da umarnin kowa ya fita. Mutum 12 ne suka rasu, shida daga cikinsu ma'aikatan kamfanin ne, har da Kyaftin North, wanda ya ɓace a cikin ruwan mai tsananin sanyi bayan ya bar jirgin. Gangar jikin jirgin ta nutse ranar 28 ga Mayu ana cikin janta.

Asarar ta sauya tsarin yaƙin ƙasa gaba ɗaya. Chinook uku da Wessex shida sun ƙone, Chinook ɗaya tak ya tsira saboda yana sama lokacin harin. Dakarun da aka yi niyyar ɗauka ta sama sai suka taka da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 90 cikin fadama da sanyin hunturu, kowa da kaya niƙi-niƙi a bayansa, ga shi tantunan da za su kwana a ciki sun tafi da jirgin. Ƙarancin jiragen sama na daga cikin dalilan da suka sa aka ɗauki wasu dakarun ta ruwa zuwa Fitzroy da ke gabashin tsibiran, inda jiragen Ajantina suka afka wa jirgin ruwan jigilar dakaru Sir Galahad ranar 8 ga Yuni, mutum 48 suka mutu a cikinsa. A ganina wannan sarƙa ta faro ne tun daga Devonport, ranar da aka tara kayan da yaƙin ya dogara a kansu cikin jirgi guda, aka sallame shi babu garkuwa saboda gaggawa.

Sojojin Ajantina sun miƙa wuya ranar 14 ga Yuni. Atlantic Conveyor shi ne jirgin 'yan kasuwar Birtaniya na farko da abokan gaba suka nutsar tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma daga baya kamfanin Cunard ya sa aka ƙera wani sabon jirgi aka raɗa masa wannan suna.